Saras Ta Riga Ni Rantsuwa

Litinin, 3 ga Maris, 6:40 na safe

Saras ta samu.

Litinin, 12:15, hutun rana a laburare

Bari in rubuta shi dalla-dalla. Jiya da la'asar Saras ta kira ni tana haki, wai saƙo ya shigo mata daga ma'aikatar shige da fice, in zo in karanta mata, tana tsoron kar a ce kora ce. Na je, na karanta. An amince ta zama 'yar ƙasa. Saura rantsuwa, a zauren ƙaramar hukuma, Asabar 12 ga Afrilu. Kafin mutum ya tsaya a zauren nan ya furta, alkawari kawai ke hannunsa, amma ita har ta fara rawa da ludayi a hannu.

Wata biyar da shigar da takardunta. Ni wata ashirin da shida.

Ni na cike mata fom ɗin, a teburin kicin ɗina, tana gefe tana ɓare tafarnuwa. Ni na yi mata bitar jarrabawar zama 'yar ƙasa, kamar yadda na yi fama da ita shekara talatin da suka wuce a Labasa, can Fiji, ina malamar aji, ita tana bencin baya tana cin ɗanyen mangwaro da gishiri. A lokacin Malama take ce mini. Da muka sake haɗuwa a nan garin Blacktown, bayan kowa ta yi ƙaura daga Fiji, mijinta ya rasu, tana aikin fiɗar kaji a masana'anta, sai ta mayar da ni Didi, wato yayarta. Ban hana ba.

Na rungume ta. Na ce na yi murna. Na ci alewar madara har biyu don bakina ya samu abin yi.

Talata, 4 ga Maris, 9:50 na safe

Minti saba'in da ɗaya ina riƙe da waya ina jin kiɗan nan nasu mai kama da na ɗakin cire haƙori. Wata mata ce ta ɗauka, murya a gajiye. Ta ce fayil ɗina yana sashen tantance suna. Na san wannan tun bara.

A takardar haihuwa ni Urmila Wati ce, babu sunan dangi, don iyayenmu a gonar rake ba su san da wannan al'ada ba. A takardun koyarwa an liƙa mini sunan mahaifina. A fasfo sunan mijina. Mace ɗaya, suna uku. Irin wannan fayil na'ura ba ta wuce da shi, sai mutum ya zauna ya duba da idonsa. Na tambaye ta mutum nawa ne a sashen. Ta ce ba a ba ta izinin faɗa ba. Can sai ta rage murya ta ce, "Da su goma sha ɗaya ne. Yanzu uku, ɗaya kuma tana hutun haihuwa."

Saras takarda biyu ta mallaka a duniya, ta haihuwa da fasfo, kuma bakinsu ɗaya. Ba ta taɓa cin wata jarrabawar makaranta ba balle a rubuta sunanta daban. Ashe digirina ne ya tsare ni a ƙofa. An ce wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa bin layin gwamnati ba.

Laraba, 5 ga Maris, 5:30 na yamma

Maigidan ya ce in yi haƙuri. Direban bas ne, haƙuri sana'arsa ce, ana biyansa a kai. Ya yi tasa rantsuwar shekara tara da suka wuce. A lokacin na ce ni ba na rantse wa ƙasar da ban gama karanta ta ba. Yau ya tuna mini da wannan yana suɗe miyar agwagwa daga yatsunsa. Na ɗauke tukunyar.

Na rubuta wa ɗan majalisarmu wasiƙa ta tara. Na ce masa ba alfarma nake nema ba, lissafi nake yi masa: in mutum biyu ne ke ɗebe kogi da cokali, laifin ba na kogin ba ne, ba kuma na cokalin ba. A ƙara ma'aikata. Na karanta ta sau biyu, ta yi daɗi. Duk wasiƙuna suna daɗi. Shi ne kawai amfaninsu.

Asabar, 8 ga Maris, 4:00 na yamma

Saras ta ja ni kantin masu sayar da sari, dogon zanen yafawa na matanmu. Awa biyu. Ta zaɓi shuɗi mai bakin zinariya, ta yafa a gaban madubi tana juyi kamar amarya. Baƙi biyu kawai aka yarda kowa ya kawo zauren, ta ce 'yarta da ni. Mai kantin ta ce Saras ta yi dacen yaya.

A jirgin ƙasa muna dawowa ta dafa gwiwata ta ce, "Didi, in an zo zaɓe ki faɗa mini wanda zan dangwala wa. Ni duk kama suke mini, farare masu sanƙo."

Jarida uku nake karantawa kowace safiya kafin a buɗe laburare. Na san kasafin kuɗin ƙasar nan fiye da wanda ya karanta shi a majalisa. Shekara goma sha huɗu ina nuna wa 'yan ƙasa inda littattafan tarihin ƙasarsu suke. Ƙuri'a kuwa an miƙa wa Saras.

Na ce mata shuɗin ya yi mata duhu.

Talata, 11 ga Maris, 7:10 na yamma

Taron karatun addini na mata. An sa wa Saras furanni a wuya. Tsohuwa Subhag, wadda harshenta ya fi ƙafarta lafiya, ta leƙo ni ta saman tabarau ta tambaya ko ni littattafan ne suka yi mini nauyi na kasa shiga ƙofar. Aka yi dariya. Saras ta tashi ta ce kar wanda ya taɓa mata Didi, duk aikin Didi ne, ita ko layi ɗaya ba ta rubuta ba.

Da ta yi shiru da ya fi mini sauƙi.

Ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. Gaskiya ne. Tun da na fito nake tuna tambayar nan ta fom, wadda ke cewa ko kotu ta taɓa kama ka da laifi, a ko'ina, komai daɗewa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a kasuwar Labasa, mai karɓar kuɗin rumfa ya zagi uwar Saras, ita kuma ta ɗaga kabewa ta fasa masa a ka. Aka kai ta kotu, alƙali ya ci ta tara yana danne dariya. Ni na raka ta, a matsayin tsohuwar malamarta, na sa farin sari na tsaya na ce yarinyar kirki ce. Uwar ta rasu. 'Yar Saras ba ta sani ba. A ƙasar nan daga ni sai ita.

Ranar da muke cike fom ta ajiye tafarnuwar ta ce, "Didi, kabewar fa?" Na ce kabewa ba laifi ba ce, kayan miya ce, kar ta ɓata wa mutane lokaci. Na sa alama a gurbin a'a.

Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba.

Laraba, 12 ga Maris, 1:35 na rana

Kwamfuta ta huɗu, ta kusa da taga, ta jama'a ce, kowa na hawa. Ma'aikatar tana da wani shafi na kai ƙarar mutum, wanda ba ya tambayar sunan mai rubutu. Layi shida. Ba zan kwafe su a nan ba. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsu, wannan kam na tabbata.

Na koma na ci gaba da jera littattafan yara.

Alhamis, 13 ga Maris, 6:15 na safe

Doka doka ce.

Alhamis, 6:50

Kuma ba ƙarya na yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris, 6:00 na yamma

Saras ta kawo mini ganyen gwaza dafaffe da madarar kwakwa, a kwanon nan nata mai murfin da ba nasa ba. Wai ta ga na rame. Ta zauna ta sa ni in saurari rantsuwar, ta haddace ta kamar waƙar makaranta, tana tsayawa numfashi a inda bai kamata ba. Na gyara mata wuri biyu. Ta ce da ba don ni ba.

Maigidan ya cinye rabona. Na ce cikina ne.

Litinin, 17 ga Maris, 10:20 na safe

Minti hamsin da takwas a layin wayar ma'aikatar. Na ce wata ƙawata ce ta aika wani bayani ta shafin nan, yanzu tana so ta janye. Mutumin ya tambayi lambar shaida. Babu, shafin ba ya bayarwa. Ya tambayi sunan da aka aika da shi. Babu, ai shi ne amfanin shafin. Ya ce to ta yaya za su san mai janyewar ita ce mai aikawar? In ana haka, ai duk wanda aka kai ƙararsa sai ya kira ya janye da kansa.

Ya ce hanya ɗaya ce: ƙawar tawa ta rubuto da cikakken sunanta, ta yi bayani, ta sa hannu. Sai dai takardar za ta bi layi, a bayan ta farkon. Ya ƙara da cewa, kamar mai lallashi, kar ta damu, masu karanta irin waɗannan saƙonni ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, abin kan kai wata shida ba a buɗe ba.

Magana zarar bunu. Amma wata shida. Kwana ashirin da shida kawai nake buƙata.

Yau ce rana ta farko da na ji ƙarancin ma'aikata ya yi mini daɗi a kunne.

Alhamis, 20 ga Maris, 7:05 na safe

Maigidan ne ya ji a rediyon bas, ya kira ni tun daga tasha. Wai an ji koken jama'a, za a zuba sababbin ma'aikata a kowane sashe, har an ɗebo wasu daga wasu ofisoshi, ranar Litinin za su fara. Yana ta dariya, wai wasiƙuna tara sun haihu, in shirya sari.

A kowane sashe.

Na tambaye shi ko ya tabbata haka aka ce. Ya ce me ya same ni, shekara biyu ina zagin gwamnati a kan abu, an yi, kuma na yi murya kamar an yi mini rasuwa.

Talata, 25 ga Maris, 8:00 na safe

Saura kwana goma sha takwas. Sababbi sai an koya musu. Sai an ba su kujera, da lambar shiga kwamfuta, da kofin shayi. Na san gwamnati. Ban taɓa dogara da lalacinta ta ba ni kunya ba.

Ban je taron mata ba.

Litinin, 31 ga Maris, 12:30

An taɓa fayil ɗina. Wata ashirin da shida yana kwance kamar gawa, yau saƙo ya shigo: an gamsu cewa matan nan uku mace ɗaya ce, in zo ganawa da jarrabawa ranar 16 ga Afrilu.

Na zauna a ɗakin shan shayi ina kallon wayar. Abin da na fara ji, kuma zan rubuta shi don littafin nan ba ya zuwa taron mata, shi ne: duk da haka ta riga ni. Abu na biyu ya zo daga baya, a hankali. In sun kai kan nawa a mako ɗaya, ashe da gaske suke aiki.

Laraba, 2 ga Afrilu, 6:30 na safe

Saura goma.

Juma'a, 4 ga Afrilu, 5:45 na yamma

Saras ta zo da kayan aiki a jikinta, ko hular ba ta cire ba. Ta miƙo mini wayar. "Didi, karanta mini. Doguwa ce."

Na karanta mata a tsaye. An dakatar da rantsuwarta. Ma'aikatar ta samu bayani cewa wata kotu a Labasa ta taɓa kama ta da laifin duka, a watan Agusta na shekara kaza, ita kuma ta ce a'a a fom. An ba ta kwana ashirin da takwas ta yi bayani, in ba haka ba za a iya soke amincewar. Sun sauya kalmomin, amma tsarin jimlolin nawa ne. Na gane su kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin kayan wasu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja kujera ta zauna, a daidai inda ta ɓare tafarnuwar. Ta dubi teburin ta ce, "Agusta ne ashe. Ni kaina na manta watan."

Na ce bari in ɗora shayi. Ta ce ta sha. Ta karɓi wayarta, ta ɗauki kwanonta da ke kan kanta tun ranar ganyen gwaza, ta fita. Ta ja ƙofar a hankali.

Asabar, 5 ga Afrilu, 9:00 na safe

Ban gaya wa maigidan ba, amma shekara talatin muna tare. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar abincinsa ya ce, "Malama, wannan karon ke ce a bencin baya." Ya tafi aiki.

Na zauna na yi lissafi kamar mai hankali. Laifin kabewa ƙarami ne, tsoho ne, ba zai hana ta komai ba. Abin da zai kashe ta shi ne a'a ɗin. Su a wurinsu ƙarya ta yi. In ta ce wata ce ta cike mata, kowa haka yake cewa. Sai in wadda ta cike ɗin ta fito da sunanta, ta rantse. Wadda ta cike ɗin kuwa tana da ganawa ranar 16, inda za a auna ko mutuniyar kirki ce.

Wata ashirin da bakwai gobe.

Me ya sa ma ta tambaye ni a ranar? Da ta yi shiru da bakinta, da yanzu laifin namu ne mu biyu. Ko a gaskiya sai da ta riga ni.

Talata, 8 ga Afrilu, 6:20 na yamma

Duk Talata dattijo Kostas yana zama a kusurwar laburare da hatiminsa, yana shaida takardun rantsuwa kyauta. Shekara shida ina kai masa shayi. Yau na bi layi kamar kowa, na ajiye tawa. Na rubuta cewa ni na cike fom ɗin, cewa ta faɗa mini gaskiya da bakinta, ni na hana, ni na sa alamar. Na sa duka sunayena uku. Ya karanta, ya dube ni, ya tambaya ko na san inda takardar nan za ta kai ni. Na ce aikinsa hatimi ne. Ya buga.

Na kai wa Saras takardar ƙofar masana'anta lokacin tashi. Ban ce zan karanta mata ba, ita ma ba ta nema ba. Ta tsaya a gefen titi tana bi da yatsa, leɓenta na motsi, motoci na wucewa. Ta kai minti goma. Ban gyara mata komai ba.

Ta ɗago ta ce, "Nan ya ce ke kika cike. Bai ce ke kika aika musu labarin ba."

Na ce wannan ba zai ƙara mata komai a wurinsu ba.

Ta ce, "Ba don su ba."

Na koma kafin Kostas ya tattara kayansa. Layi ɗaya na ƙara. Ya sake bugawa, ya bar shayinsa ya huce.

Asabar, 12 ga Afrilu, 10:00 na safe

Yanzu ake yi a zauren. Na wanke labulen gidan duka.

Laraba, 16 ga Afrilu, 2:10 na rana

Na je da sarina mai ruwan toka. Jami'ar sabuwa ce, har yanzu tana neman inda maɓallan suke, amma takardata tana gabanta, da hatimi biyu. Ta yi mini magana da ladabi. Jarrabawar na cinye duka, minti huɗu. Ta ce abin takaici fayil ɗin zai koma sashen duba hali. Na tambaye ta mutum nawa ne a can. Ta ce ƙarin da aka yi na wata uku ne kawai, bayan nan kowa zai koma inda aka aro shi. Ta ce in sa ran shekara ɗaya da rabi, ko biyu, kuma ba ta yi mini alkawarin amsar ba.

Na tambayi na Saras. Ta ce ba ta da izinin tattauna fayil ɗin wani. Daidai ne. Da ni ce ma haka zan ce.

Talata, 29 ga Afrilu, 7:30 na yamma

Saras ba ta kira ba. Na ɗauki wayar sau uku don in tambaya ko ta aika bayanin kafin wa'adi, ko ta haɗa da takardar kotun, ko wa ya duba mata Turancin. Maigidan ya ce 'yarta ce ta rubuta mata. Ashe ta gaya wa yarinyar labarin kabewar, wai har yarinyar ta yi dariya ta faɗo daga kujera.

'Yarta. Wadda ba ta san inda ake sa waƙafi ba.

Asabar, 24 ga Mayu, 4:40 na yamma

Saras ta yi rantsuwar yau da safe. Baƙinta biyu, 'yarta da tsohuwa Subhag. Maigidan ya ajiye wayarsa a kan tebur da hoton a buɗe, ya fita duba motar da babu abin da ya same ta.

Tana tsaye kusa da magajin gari, takardar a ƙirjinta, ta riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace. An gama. Babu mai ƙwacewa.

Shuɗin ya yi mata duhu.

Asabar, 4:55

Ƙarya nake yi. Ya karɓe ta.